Ajiya da Rance a Ƙasar Bauchi, daga Zamanin Wuri zuwa Zamanin Sakin Mara

Duk wanda ya zauna a Shadawanka ta birnin Bauchi, ko da na 'yan watanni ne, ya san cewa unguwar nan tana da wani lokaci nata wanda bai kula da damina ko rani ba, sai dai kwanan watan Turawa. Domin kuwa idan wata ya kai ashirin da 'yan kai, albashin sojojin bariki ya shigo, sai ka ga kasuwar mami ta cika ta batse, mahauci ya ƙara yanka, tela ya sauko da ɗinkunan da suka kwana biyu a rataye, mai shago ya buɗe littafinsa na bashi yana soke sunaye ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan bayan kwana goma komai ya lafa, a koma karɓar kaya da alkawari har wani watan ya zagayo. Na daɗe ina duban wannan al'amari, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kuɗin albashin nan duka ta banki suke biyowa, amma bashin da ke riƙe da unguwar daga tsakiyar wata zuwa ƙarshensa, da jarin da mai koko ta kafa sana'arta da shi, da kuɗin keken ɗinkin tela, galibinsu babu ko kwabon banki a ciki. Wannan rata da ke tsakanin ajiya da rance tana da tarihi mai tsawo, kuma wanda bai san tarihin ba zai yi ta jin ana cewa bankuna sun yawaita, sun bunƙasa, yana mamakin abin da ya hana bunƙasar ta iso ƙofar gidansa.

Sa'ad da Malam Yakubu, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen shekarar 1809, kuɗin da ake mu'amala da su a ƙasashen Musulunci na wannan nahiya wuri ne, wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya ratso ƙasashe kafin ya iso hannun mai sayar da daddawa. Ana ƙirga shi a ƙasa da yatsu biyar biyar, a ɗinke zambar ashirin cikin keso guda, kuma keson nan kayan ƙato ne cikakke. Bature matafiyi Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. To, kuɗin da nauyinsu ya kai haka ba su tafiya nesa, ba su kuma jin daɗin ajiyewa, saboda haka mai hali yakan juya dukiyarsa ta koma shanu, ko riguna da turkuɗi, ko hatsi a rumbu, ko kuwa bayi, abin da ba ya halatta mai rubuta tarihin Bauchi ya ɓoye, tun da yake 'yan Adam da yawa an mai da su ma'ajiyar dukiya a wancan zamani, kuma wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi.

Amma fa rashin banki bai zama rashin rance ba, kuma nan ne ya kamata a ɗan daɗe. Attajirin da ya tsufa, ƙafarsa ta gaza zuwa Gwanja, yakan ba yaronsa jari a bisa ƙiradi, watau dukiya daga wannan, wahala daga wancan, in an dawo da goro a raba riba yadda aka yi sharaɗi, in kuwa asara ta auku ba tare da sakaci ba, mai dukiya ya ɗauki asarar dukiyarsa, yaro ya ɗauki asarar guminsa. Falke in ya sauka baƙon gari yana da fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kaya ba a biya ba. Wannan tsari bai mutu da zuwan Turawa ba, domin har cikin shekarun 1960 shanun Arewa da ake kai wa unguwar Sabo ta Ibadan bashi ake ba mahautan Yarabawa su, babu takarda, babu sa hannu, sai lamunin maigida wanda ya san kowane mahauci, ya san wanda ya taɓa cin amana da wanda bai taɓa ba. Mata kuma a cikin gidaje suna da adashi da asusu da kiwon awaki. Malamai sun karanta babin ciniki a Risala da Muhtasar, sun san iyakar jingina da salam da sharika, alƙali kuma yana nan ga wanda ya yi taurin bashi. Har harshenmu ya riƙe bambancin da shari'a ta yi, domin ribar da ɗan kasuwa ke nema da ribar da aka haramta a rubuce ɗaya suke, a baki ne Bahaushe ke raba su, kamar yadda yake raba su a zuci. Jigon wannan mu'amala duka abu ɗaya ne, sanin mutum: wanda ke ba da rance ya san uban mai karɓa, ya san sana'arsa, ya san masallacin da yake salla.

Turawan Ingila sun ci Bauchi a watan Fabrairu na 1902, shekara guda kafin Kano da Sakkwato. A 1904 aka hana shigo da wuri, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, kuma da haraji aka tilasta wa talaka karɓar sabon kuɗi, tun da baitulmalin En'e ya daina son keso, sai sule. Daga nan anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da fataka suka shiga bakin mutane. Banki kuwa ya riga ya sauka Ikko tun 1892, kuma a 1894 aka kafa Bank of British West Africa, kakan First Bank na yau; amma da ya tashi hawowa Arewa sai ya bi sawun kayan da Turawa ke so, gyaɗa a Kano bayan jirgin ƙasa ya isa can a 1911, da kuza a Jos. Akwai ma ƙaramar hanyar jirgi da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru, aka gama a 1914, aka sa mata sunan Bauchi saboda tsaunukan kuza a lardin Bauchi suke a lokacin, alhali kuwa ba ta taɓa zuwa kusa da ganuwar Yakubu ba. Ana ba da labari cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai azurfa kayan raƙumi ashirin ajiya bankin Kano, kuma mutane suna son wannan labari saboda yana nuna ƙasaitar attajirinmu. Ni kuwa abin da nake gani a cikinsa shi ne alƙiblar da kuɗin suka fuskanta, daga hannun ɗan ƙasa zuwa taskar banki. Rancen da ke fitowa daga taskar nan kamfanonin Turawa ake ba, irin su U.A.C. da John Holt, su kuma su ba wakilansu kuɗin sayen kaya, wakilai su ba 'yan baranda, har abin ya gangaro kan manomin auduga a matsayin falle, ya ci da bazara ya biya da kaka a farashin da ba shi ya yanke ba.

Da mulkin kai ya matso, shugabanni sun fahimci wannan illa. A Kudu 'yan ƙasa sun yi ta buɗe bankuna barkatai, mafi yawansu suka rushe da kuɗin mutane, har aka yi dokar banki ta farko a 1952. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, Malam Aliyu Mai-Bornu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi a 1963. Gwamnatin Sardauna ta tsaya aka kafa Bank of the North mai hedkwata a Kano, ya soma aiki a 1960, da niyyar ɗan kasuwar Arewa ya sami inda za a saurare shi da harshensa. A wannan zamani ne kuma, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko a 1958, dala miliyan 28, aka ja hanyar jirgi daga Kuru ta ratsa Bauchi da Gombe ta isa Maiduguri a 1964. Wannan rance ne da kowa ya ga abin da aka yi da shi, domin ya zama ƙarfe a ƙasa, ya ɗauki shanu da gyaɗa da auduga.

Shekarun 1970 su ne zamanin da gwamnati ta riƙe linzamin bankuna da hannu biyu. Naira ta maye gurbin fam a 1973, a shekarar ce kuma aka buɗe bankin manoma a Kaduna. Gwamnatin tarayya ta karɓi kaso mafi tsoka na hannun jarin manyan bankunan Turawa. Babban Banki shi ke yanke kuɗin ruwa, shi ke faɗa wa kowane banki kason da zai ba noma da masana'antu. Sa'an nan a 1977, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi, aka fito da shirin kai banki karkara, aka rarraba wa bankuna rassa sama da 700 cikin zango uku, aka kuma wajabta musu daga baya su mai da wani kaso na ajiyar karkara rance a karkarar. Ba zan ce tsarin nan ba shi da aibi ba. Kuɗin ruwan da ake ba mai ajiya bai kai hauhawar farashi ba, watau mai ajiya asara yake yi a ɓoye, rance mai sauƙi kuma sau da yawa yakan ƙare a hannun mai uwa a gindin murhu, a rubuta noma a takarda a gina gidan haya da shi. Duk da haka, a wancan lokaci ne aka kafa kamfanin Steyr mai harhaɗa tarakta da manyan motoci a nan Bauchi, da kamfanin siminti na Ashaka, kuma manajan reshe yana da wani hurumi na yanke hukunci a kan mutanen da yake gani kullum.

Hujjar masu neman a saki mara ta fito ne daga malaman tattalin arziki biyu da ke koyarwa a Amurka, McKinnon da Shaw, waɗanda suka wallafa littattafansu a 1973. Maganarsu ita ce, idan hukuma ta danne kuɗin ruwa, mutane ba za su kai ajiya ba, ɗan abin da aka tara kuma za a raba shi da alfarma; in an bar kasuwa ta yanke farashin kuɗi, ajiya za ta yawaita, rance kuma ya nufi sana'ar da ta fi amfani. Magana ce mai ma'ana, ba kuwa za a ce ƙarya ce ɗungum ba. Da farashin man fetur ya faɗi, bashin waje ya yi wa ƙasa katutu, Janar Ibrahim Babangida ya ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP a watan Yuli 1986. A Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, aka rushe hukumomin cinikin auduga da gyaɗa a shekarar, a Agusta 1987 aka cire takunkumin kuɗin ruwa, aka kuma sauƙaƙa ba da lasin buɗe banki. Abin lura ga mutumin Bauchi shi ne, wanda ke kan kujerar Babban Banki a duk tsawon wannan juyi ɗan jihar nan ne, marigayi Alhaji Abdulƙadir Ahmed na Jama'are, wanda ya riƙe kwamishinan kuɗi na Bauchi a farkon kafa jihar, ya kuma shugabanci Babban Banki daga 1982 zuwa 1993.

Natijar farko ta zo da gaggawa. Bankunan da ba su wuce 40 da 'yan kai ba a 1986 suka kai 120 a 1992. Sai dai yawancin sababbin a Ikko suka tare, kuma ba neman manomi ko maƙeri ya kawo su ba. Abin da ya kawo su shi ne tazarar da ke tsakanin farashin dala a gwanjon hukuma da farashinta a kasuwar bayan fage, domin wanda ke da lasin banki yana da kujera a wurin gwanjo, ya sayi dala da safe ya sayar kafin la'asar, ya ci ribar da mai gonar masara ba zai gani a shekara ba. Naira, wadda a 1985 ta fi dala daraja, ta koma huɗu a dala a 1987, ta haura goma sha bakwai a 1992. Kuɗin ruwan rance ya haura kashi 30 cikin 100, kuma babu sana'ar halal ta noma ko ƙira ko saƙa da za ta biya wannan ta bar wa mai ita abin tuwo. Masana'antun da ke sayo kayan haɗi daga waje, irin su Steyr, suka wayi gari kuɗin kayan ya ninka sau da yawa, masu sayen tarakta kuma hannunsu ya gajarta. Jihohi sun yi ƙoƙarin kafa nasu, Bauchi ta samu Inland Bank a 1988, wanda Malam Isa Yuguda ya shugabanta a shekarun 1990 kafin ya shiga siyasa. Gwamnatin tarayya kuma ta kafa People's Bank a 1989 domin talakawa, da bankunan al'umma daga 1990, na farkonsu a Tudun Wadan Kaduna. Kafa waɗannan ma shaida ce cewa hukuma da kanta ta ga kasuwar da ta saki ba ta waiwayi talaka ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kawuna, wanda ke ɗinkin kaki da gyaran kayan sarki ga mutanen bariki, ya yi niyyar ƙara kekuna biyu ya ɗauki yara. Shekara tara yana ajiya a wani banki, littafinsa na ajiya a naɗe cikin leda a aljihun 'yar shara, bai taɓa tsallake wata bai zuba ba. Na raka shi ranar da ya je neman rance, ina yaro, na riƙe masa takalma a hannu saboda ya ɗauka ba a shiga ofishin da su. Ma'aikacin ya karɓe shi da mutunci, ya duba littafin, ya ce, "Baba, ajiyarka ta yi kyau, amma kana da takardar mallakar fili?" Kawu ya ce gidan gado ne, kowa a unguwa ya san na ubansa ne, mai unguwa ma zai zo ya yi shaida. Ma'aikacin ya ce shaidar baki ba ta shiga fayil, kuma ko da takardar, ba a nan ake amincewa ba, sai an aika sama. Muka fito, kawu bai ce uffan ba har muka kai bakin titi, sa'an nan ya ce da ni, "Ɗana, sun san kuɗina, ni ne ba su sani ba." Kekunan nan daga baya kwasar adashi ce ta saye su, ɗaya a shekarar, ɗaya a ta gaba.

Abin da aka gina a kan canjin dala bai daɗe ba. A 1989 gwamnati ta janye ajiyarta daga bankuna zuwa Babban Banki, sai raunin da yawa daga cikinsu ya bayyana, musamman waɗanda masu su suka ranta wa kansu kuɗin jama'a. An kafa hukumar inshorar ajiya ta NDIC a 1988, amma iyakar abin da take lamunce wa mai ajiya a lokacin naira 50,000 ne, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995, ta cinye darajar wannan ɗin ma. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta mai da takunkumin kuɗin ruwa a 1994, ta kafa kotunan musamman na bankunan da suka durƙushe, aka sake sakin mara a 1996 tare da soke wajabcin ware wa noma kaso, sa'an nan a watan Janairu 1998 aka soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2004 gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake bukata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Wannan ya ƙarfafa bankuna ƙwarai, ba na musu; amma a cikinsa ne Bank of the North ya narke cikin Unity Bank, Inland Bank ya shiga haɗakar First Inland, wanda ya koma FinBank, ya kasance cikin bankuna biyar da magajin Soludo, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya ceto da naira biliyan 420 a Agusta 2009, daga bisani FCMB ya saye shi a 2012. Da kowace haɗaka sai wurin yanke hukunci ya ƙara nisa da kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi, reshe ya zama wurin tara ajiya a aika, kamar rijiyar da ake ɗiba a wannan gari ana ban ruwa a wani.

Ra'ayina a kan wannan al'amari, bayan na auna, shi ne ba sakin mara ne laifi a kan kansa ba, kuma riƙon gwamnati ba shi ne magani a kan kansa ba. Ƙasar Chile ta saki bankunanta a shekarun 1970 babu isasshen sa ido, suka rushe mata a 1982. Koriya ta Kudu kuwa ta riƙe nata, ta tura rance ga masana'antu, amma da sharaɗi mai tsanani cewa wanda ya karɓa sai ya nuna kayan da ya sayar a waje. Mu mun saki kafin mu tanadi masu sa ido, muka bar ƙofar riba mai sauƙi a buɗe, da canjin dala a jiya, da sayen takardun bashin gwamnati a yau, sa'an nan muka zaci banki zai bar wannan ya bi manomin Alkaleri gona. Arzikin ƙasa yana ƙaruwa ne idan ajiyar mai albashi ta koma jari a hannun mai sana'a, kuma wannan ba ya yiwuwa sai mai ba da rance yana da hanyar sanin mai karɓa, abin da fatoma yake da shi, banki kuma har yanzu bai samu madadinsa ba in ban da takardar fili. Ga kuma mas'alar riba, wadda ta hana bayin Allah masu yawa kusantar rance ko da an miƙa musu. An daɗe ana ɗaukar wannan jahilci, alhali taƙawa ce, kuma sai a Janairu 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba a Abuja da Kaduna da Kano, yana komawa ga murabaha da ƙiradin da kakanninmu suka sani.

Lalle akwai abin da zamani ya kawo wanda ya cancanci godiya. Sojan da ke bakin daga yana aika wa iyalinsa kuɗin cefane ta waya cikin minti guda, falken shanu ya daina ɗaura kuɗi a ƙugu yana ratsa daji, masu POS kuma sun kai hidimar banki lungunan da shirin 1977 bai taɓa mafarkin kaiwa ba. Amma da aka canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a watannin Janairu da Fabrairu na 2023, har Kotun Ƙoli ta sa baki ran 3 ga Maris, na ga abin da ya riƙe Shadawanka da idona. Mutane suna kwana a layin na'urar cirar kuɗi, mai POS yana sayar da naira da naira, a kasuwar mami kuwa mai shago ya ƙaro sabon littafi domin tsohon ya cika, mai kayan miya tana ba matan bariki tumatir tana cewa, "Ɗauki, Maman yara, in ta samu kya kawo." Uwar adashin layinmu, dattijuwa da ba ta yi boko ba, ta sa jikanta ya buɗe mata asusu a waya, zubi ya riƙa shigowa ta nan, shi yana karanta mata sunaye ita tana ja wa kowa layi a bango da gawayi. Ranar Juma'ar da kwasa ta zagayo, a kan wata mai ƙosai ta faɗo, aka tura mata kuɗin gaba ɗaya, washegari ta aika Muda Lawal aka sayo mata buhun wake da jarkar man gyaɗa.